Wane lulluɓi ya dace da tsohuwar mota a Damagaram?

A ƙarshen shekara ta 1924, sa'ad da Damagaram take babban birnin Nijar, waɗansu motoci takwas ƙirar Citroën suka iso garin. Sun taso ne daga Colomb-Béchar, cikin ƙasar Aljeriya, ran 28 ga watan Oktoba, a ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka keto Sahara, suka biyo ta Yamai da Tasawa, daga nan kuma suka nufi tafkin Cadi. Yau fiye da shekara ɗari ke nan. Daga wancan lokaci zuwa yanzu ƙasar Damagaram ta ga motoci iri-iri, kuma ta cinye mafi yawansu. Waɗansu hanya ce ta kashe su. Waɗansu kuwa a tsaye suka mutu, cikin gida, rana da ƙura suna cin su kaɗan-kaɗan, masu su suna gani.

Waɗanda suka tsira ba su da yawa, amma akwai su. Wanda ya zaga Birni da Zango da Sabon Gari ba zai rasa hango ɗaya ba, a ƙofar gidan wani tsohon ma'aikaci ko cikin farfajiyar wani alhaji: Peugeot 404, wadda ta fara fitowa a 1960, ko ƙanwarta 504 ta shekarar 1968, ko Land Rover irin wadda ma'aikatan gona da na kiwo suka sha shiga ƙauyuka da ita. Waɗansu daga Kaduna suka zo, inda aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a 1975. Waɗansu kuma samarin Turai ne suka keto hamada da su a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, suka sayar a Agadas ko a biranen kudu, suka koma gida ta jirgi. A Faransa, motar da ta kai shekara 30 ana iya yanka mata takarda ta musamman, a kira ta "voiture de collection". Mu da Hausa sai mu ce motar tarihi, domin a raba ta da akwala. Gama akwala ita ce wadda aka yasar, motar tarihi kuwa ita ce wadda ake riƙo da gangan, ko don gadon uba ce, ko don mai ita ya san darajarta.

Injin 404 ko na 504, ƙwararren makaniki na bakin tasha yana iya farfaɗo da shi. Amma fentin asali in ya tafi, ya tafi ke nan. Robar da ta kewaye gilashi, da allon gaban direba wanda masu gyara suke kira tablo, da rufin kujeru, samun sababbinsu yau sai an sha wuya, kuma su ne yanayi yake fara ci. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad cikinta a 1976 ta sami ɗaki a gidan tarihi na Legas. Amma ba kowace mota ce za ta sami ɗaki mai rufi da ƙofa ba. Galibin namu a waje suke kwana, a waje suke wuni. Saboda haka mai mota yakan tambayi kansa: da me zan lulluɓe ta?

Rana da ƙura kafin ruwa

Da an ce lulluɓi, hankalin mutum sai ya tafi wajen ruwan sama, kuma a nan kuskure yake farawa. Yawancin rigunan mota da ake shigo da su an ɗinka su ne domin ƙasashen da ruwa da ƙanƙara suke zuba rabin shekara. Damagaram kuwa ruwan da take samu a shekara bai wuce wajen milimita 400 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, mafi yawa a watan Agusta. Sauran wata takwas ɗin, abokan gaban mota biyu ne, rana da ƙura.

A watan Afrilu da Mayu zafin garin yakan kai digiri 40 a inuwa, har ya haura. Cikin motar da aka rufe gilasanta aka bar ta a fili, zafin yana iya wuce digiri 60, domin gilashi yana barin haske ya shiga, amma ba ya barin zafin ya fita da sauƙi. Ban da zafi kuma, cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana suke taƙaitawa da haruffa biyu, UV. Shi ne yake busar da roba har ta tsattsage, ya sa tablo ya dare, ya ƙone fenti. Motocin yanzu ana shafa musu wani fenti garai-garai a bisa launinsu domin kariya. Tsofaffi da yawa ba su da shi. Launin ne kansa yake fuskantar rana. Shi ya sa in ka shafa hannu a jikin tsohuwar mota ja ko shuɗiya da ta daɗe a fili, sai ka ga launin ya biyo tafinka kamar alli.

Maganar ƙura ta fi wannan tsawo, domin a nan ne lulluɓi yake iya zama magani ko ya zama cuta. Ƙurar da muke sha iri biyu ce. Akwai farar nan mai laushi kamar gari, wadda iskar hunturu take kawowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har wajen Maris. Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodélé a arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda guguwar ƙura take tashi kimanin kwana ɗari a shekara. Wannan ba ta da wata kafa da ba ta shiga. Akwai kuma rairayin ƙasarmu, wanda iska take ɗebowa daga titi da tsakar gida. Ƙwayar rairayi ɓarɓashin dutse ce; a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma tana hawa na bakwai, gilashin taga kuwa bai kai na shida ba, balle fenti. To, a ɗauka an shimfiɗa ƙyalle a kan motar da take da ƙura, ba a ɗaure shi sosai ba, iska ta kwana tana kaɗa shi. Kowace kaɗawa guga ce. Ƙyallen ya zama samfefa ke nan, takardar nan da kafinta yake goge katako da ita. Kafin sanyi ya wuce sai a ga fenti ya dushe a kusurwoyin rufin motar, da gefen murfin inji, da kafaɗun da suke bisa tayoyi, har wani wuri farar shafen ƙasa ta bayyana. Mai mota ya ce rana ce, alhali rigar da ya saya da kuɗinsa ce ta yi ɓarnar.

Barorin dawakin fada sun san wannan tun kafin mota ta zo. Ba a ɗora jalala da sirdi a bayan doki sai an share shi tsaf, in ba haka ba ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi masa miki. Hukuncin mota ɗaya ne da na doki: ba a lulluɓe ta sai tana da tsabta.

Amma fa tsabta ruwa take so, ruwa kuwa kowa ya san labarinsa a Damagaram. Ƙarancinsa yana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birni Yamai a 1926. Ba za mu ce wa magidancin da yake sayen ruwa a jarka ya riƙa wanke mota kullum ba. Bokiti biyu sun isa wanki ɗaya, in an fara kwarara ruwan daga sama ya tafi da yashin, sa'an nan a bi da tsumma mai laushi. Abin da ba shi da kyau shi ne al'adar nan ta sa yaro ya goge mota da busasshen tsumma kowace safiya. Wannan ma samfefa ce, da hannu. A ganinmu, motar da ake hawa kullum, ba a kuma da halin wanke ta, gara a bar ta ba riga, a nema mata inuwa, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tablo da kujeru daga ciki. Riga ta motar da take zama ce, wadda ake fitarwa ran Jumma'a, ko ran Salla, ko ran ɗaurin aure.

Leda, tamfol da ƙyallen da yake numfashi

Abin da ya fi saurin zuwa hannu a kasuwa shi ne shuɗiyar ledar nan da ake shanya hatsi a kanta, sai kuma tamfol mai nauyi na manyan motoci. Dukansu biyu ba su dace ba. Shuɗiyar leda saƙarta kaushi gare ta, kuma rana tana cinye ta da sauri, ta fara ɓarɓashi tana zuba. Tamfol kuwa an yi shi ne domin ya hau kan ƙarafan bayan mota, kamar yadda ake gani a 404 mai ɗaukar kaya wadda Faransawa suke kira "bâchée". Ba a yi shi don ya kwanta a jikin fenti ba. Yana da nauyi, yawanci launinsa mai duhu ne, yana shan zafi ya riƙe.

Babban aibinsu shi ne wanda ake ɗauka alheri, wato ba sa barin kome ya wuce. Da damana ƙasa tana shan ruwa. In rana ta fito, laimar ta tashi ta zama tururi, ta shiga ƙarƙashin ledar, ta rasa mafita. Da dare ƙarfe ya huce, tururin ya koma ruwa a jikin motar, kamar gumin da yake taruwa a murfin tukunya. Gobe rana ta sake dafa shi. Bayan ƴan makonni fenti ya fara ƙuraje, tsatsa ta kama gindin ƙofofi da ƙasan wurin kaya, cikin motar ya yi warin fumfuna. Mai Land Rover kada ya ce shi ya tsira don jikin motarsa na alminiyam ne. Ƙashin da jikin yake zaune a kai ƙarfe ne, kuma yana tsatsa. Motar da ruwa ya doka a fili, iska ta busar da ita kafin azahar, ta fi wadda ta kwana cikin leda lafiya. In akwai inda leda take da amfani, to a ƙarƙashin mota ne: a shimfiɗa ta a ƙasa mai ɗan gangare, a zuba tsakuwa a kai, ta tare laimar da take tasowa.

Wanda zai sayi rigar kanti, ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin. "Intérieur" ta cikin ɗaki ce, ba ta jure rana. "Extérieur" ta waje ce. "Imperméable" na nufin ruwa ba ya ratsa ta, kuma ita ce kalmar da mai sayarwa zai fi nuna maka da yatsa. Kalmar da ta fi muhimmanci ita ce "respirant", ma'ana mai numfashi: ƙyallen da yake tare ɗigon ruwa daga waje, amma ya bar tururi ya fita daga ciki. A nemi kuma "anti-UV". Cikin irin waɗannan, wanda ya fi daɗewa a rana shi ne saƙin zaren akirilik da aka rina tun yana narke, irin wanda ake sayarwa da sunan Sunbrella ko Dickson domin rumfunan shaguna. Yana da tsada da ɗan nauyi. Akwai Tyvek na kamfanin DuPont, fari fat, marar nauyi kamar takarda, mai mai da hasken rana. Akwai kuma masu araha, masu hawa uku ko huɗu da aka manna ba a saƙa ba. Suna da laushi a hannu, amma ranar Damagaram ba ta barinsu su tsufa.

Rubutun kwali ba rantsuwa ba ne, saboda haka a gwada. A cika kofi da ruwan zafi, a rufe bakinsa da gefen ƙyallen, a ɗora madubi a kai. In madubin ya yi gumi, tururi yana wucewa, ƙyallen yana numfashi. A ɗiga masa ruwa a ga ko zai dunƙule ya gangara. A ɗaga shi a rana. In haske ya ratso kamar ta rariya, ƙurar hunturu ma za ta ratso. A shafa cikinsa a kunci. Abin da ya yi wa fata kaushi zai yi wa fenti. Launi kuwa fari ko ruwan azurfa, ba baƙi ba, ba shuɗi mai duhu ba.

Sai dai ba dole ne a jira kayan waje ba. Domin wata takwas na rani da sanyi, farin ƙyallen auduga mai kauri da matsattsiyar saƙa yana yin aikin sarai: yana da laushi, yana numfashi, yana mai da rana, ana kuma wanke shi. In akoko ne, a ninka shi biyu. A fara wanke shi kafin a yanka, domin sitacinsa ya fita kuma ya gama tsukewa. Kada a yi amfani da atamfa ko rinannen zane, kada launinsu ya zuba a kan fenti ran da suka jiƙe. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: auduga tana shan ruwa ta riƙe, jiƙaƙƙiyar riga kuwa a jikin mota ta fi rashin riga muni. Da hadarin fari ya taso sai a cire ta, a wanke, a adana inda gara ba za ta kai ba, in dai motar ba ƙarƙashin rufi take ba.

Rigar kanti mai "awo ɗaya ya isa kowa" ba ta zama daidai a jikin kowa, kuma duk inda ta yi yawa nan iska za ta kama. A nan telan unguwa ya fi kanti. A kawo shi ya auna motar da kansa, gama 404 tsawonta mita 4.44 ne, 504 mita 4.49, doguwar 504 mai ɗaukar iyali kuwa mita 4.80, kuma siffarsu ba ɗaya ba ce. In faɗin ƙyallen mita ɗaya da rabi ne, ƙirar ƙwarya uku ce: ɗaya daga hanci zuwa wutsiya ta bisa rufi, biyu a gefe; wajen mita 16 ke nan, kafin a yi ninki. A gaya wa tela ya juya bakin ɗinki waje, kada ya taɓa fenti. Ban da zif, ban da maɓalli, ban da zoben ƙarfe. A yi wa madubai aljihu. A gindin rigar, maimakon roba wadda zafi yake kashewa, a yi kubaka kamar ta wando, a zura mazagi mai ƙarfi, a ja a ɗaure ƙarƙashin ƙarafan gaba da na baya; a ƙara ɗamara biyu ko uku da za su bi ta ƙarƙashin cikin motar daga gefe zuwa gefe. Ba a danne riga da dutse ko tsohuwar taya, ba a kuma naɗe mota da igiya kamar dami, domin igiyar za ta bar layinta.

Wajen cirewa ma akwai ladabi. A kakkaɓe ƙurar waje tukuna, a naɗe gefuna zuwa sama yadda ciki zai haɗu da ciki, kada a ja ta a jikin mota, kada a yar da ita ƙasa. In an dawo daga tafiya, a bari inji da bututun hayaƙi su huce kafin a rufe.

Inuwa tukuna

Duk da wannan, in kuɗin mutum abu ɗaya kaɗai za su iya, rumfa ta fi riga. Ginshiƙai shida da rufin zana sun isa su raba mota da ranar tsaka, kuma iska tana yawo ƙarƙashinsu. Zana ta fi kwano sanyi, amma tana son sabuntawa, tana kuma tsoron gara da wuta. Kwano ya fi daɗewa kuma yana tare ruwa, sai dai yana sauko da zafi in ya yi ƙasa-ƙasa. A ɗaga shi ya kai wajen mita biyu da rabi, a ɗaure shi da kyau, gama iskar da take gaban hadari ta saba yaye rufi, kwano mai tashi kuwa ya fi kowace ƙura ɓarna. Maginan Birni sun daɗe da sanin cewa bangon gabas shi ne yake shan dukan ruwa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Saboda haka waɗannan ɓangarori biyu su ne za a kare da zana a tsaye. A ƙarƙashin irin wannan rumfa mai rufin kwano, rigar auduga tana iya zama shekara duka.

Da damana kada a jingina mota da katangar ƙasa don neman inuwarta, ko a ajiye ta ƙarƙashin indararo, ko a kwarin da ruwa yake kwanciya. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Katangar gida ba ta fi shi ƙarfi ba.

Inuwar itace kyauta ce mai haraji. Bedi, wato dogon yaro, yana zubar da ƴaƴa masu danƙo, tsuntsaye da jemagu kuma suna kwana a kansa, kashinsu yana cin fenti in ya bushe a rana. Gawo, wanda sarakunan Damagaram na dā suka hana sarewa, shi kam abin mamaki ne, gama da rani yake ganye, lokacin da aka fi bukatar inuwa. Amma yana da ƙaya, ƴaƴansa kuma suna kiran awaki, akuya kuwa ba ta jin nauyin hawa kan mota. A ƙarƙashin itace riga dole ce, kuma za ta riƙa son wanki.

Motar da aka lulluɓe aka manta da ita takan sami baƙi. Ɓera yana son duhu da shiru. Yakan yi sheƙa a kujera, ya ci robar wayoyi. Zanzaro yana gini a cikin inji, ƙadangare da kunama suna samun maɓoya. Saboda haka sau ɗaya a mako a yaye rigar, a buɗe ƙofofi da murfin inji, a duba ƙarƙashin kujeru da sanda kafin a sa hannu. In motar tana tashi, a fita da ita ta yi tafiya har injin ya yi zafi sosai. In za ta yi watanni a zaune, a cire wayar baturi, a ɗora ta a kan itace ko bulo domin tayoyi su huta, a kuma jingina musu guntun zana ta gefen da rana take bugawa, gama yawancin riguna ba sa sauka har ƙasa.